Babana a Fim ɗin Kawu

Shekara talatin da ɗaya babana ya yi a gidan rediyo yana kula da na'ura. Kujerarsa tana bayan wani gilashi mai kauri, gabansa maɓallai reras, kunnensa cikin abin sauraro. A ɗaya gefen gilashin kuma mai gabatar da shiri ke zama da makirufo. Mutanen gari sun san muryar na ciki, amma na bayan gilashi sai mu da ke cin abinci da shi. A wurin aiki Injiniya suke ce masa, ko da yake bai taɓa taka ƙofar jami'a ba.

Ɗan tela ne. Yana shekara sha ɗaya ya kwance rediyon kakanmu da wuƙar yanka zare, wai yana son ganin inda mutanen ke zama. Mayarwa ta gagara. Kaka ya tattara tarkacen a ƙyalle, ya kama hannunsa har shagon mai gyaran rediyo a kasuwa, ya ce, "Ga rediyon, ga wanda ya ɓata. Ka riƙe su duka biyun." Shekara takwas ya yi a wannan shago. Wata rana gidan rediyo suka aiko da na'urar ɗaukar murya da ta ƙi juyawa, shi ya gyara, shi ya mayar musu a ka. Babban injiniyansu ya duba aikin, ya dubi yatsunsa, ya ce ya dawo ranar Litinin. Ya dawo, bai sake barin wurin ba sai da ya yi ritaya.

Wanda aka haɗa shi da shi kowa Kawu yake ce masa, yaro da babba. Shirinsa na safe ne, daga bakwai zuwa tara, sunansa Ku Matso Kusa. Da farko wasiƙu yake karantawa, daga baya aka sa waya. Mai rigima da mai gidan haya, uwar da ɗanta ya daina leƙo ta, 'yan unguwar da famfonsu ya ƙafe, duk Kawu suke kira. Ba wani maganin kirki yake ba su ba, in ji Baba. Sauraro ne ya iya, sai ya bar mutum ya zazzage cikinsa tas, sannan ya faɗi kalma biyu uku masu sanyi.

Halinsu kuwa ko kusa bai zo ɗaya ba. Baba kan isa wurin aiki shida da kwata, ya goge tebur, ya gwada kowace waya. Kawu sai bakwai saura minti biyu zai faɗo yana haki, hula a karkace. Sau da yawa Baba kan maimaita kiɗan buɗe shiri sau biyu don ya ba shi lokacin zama. Kullum sai sun yi musu a kan kofin shayi, don Kawu ya fi son ajiye shi daf da makirufo, Baba kuma ya rantse wata rana sai ya kife a kan waya. Sau huɗu yana kifewa. Baba na da lissafin ranakun a ka.

A shekararsu ta ashirin da huɗu tare, kunnen Kawu ya fara nauyi. Baba ne ya fara lura, don kullum sai Kawu ya yi masa alama da yatsa a ƙara murya. Ana nan wata safiya wata mata ta kira, layin ba kyau, ta ce mijinta ya rasu wata biyu ke nan. Kawu ya ji kamar ta ce ya dawo.

"Madalla!" ya ce. "Ina taya ki murna, 'yar uwa. Sai ki riƙe shi da kyau kada ya sake tafiya."

Baba ya katse layin, ya danna kiɗa. Ya zagaya ya shiga ɗakin, ya sunkuya a kunnen Kawu ya gaya masa abin da matar ta ce. Kawu ya cire hula ya rufe fuska da ita. Da aka tashi daga shirin ya nemo lambar matar ya ba ta haƙuri, sannan ya ce wa Baba shi kam ya gama, gobe zai ajiye aiki.

"Ka bari zuwa Juma'a," in ji Baba.

Da ya dawo gida ya sa Mama ta karɓo kwalayen sabulu a kantin maƙwabcinmu. Ta zauna da almakashi ta yanka su faifai-faifai, kowanne kamar faɗin littafi. Washegari ya tafi da su da alƙalami mai kaurin baki. Mai kira na magana, Baba na rubutawa da manyan baƙaƙe, ya ɗaga ya manna a gilashi: HAYA. WATA UKU. MAI GIDA YA CIRE ƘOFA. Kawu ya karanta, ya gyara murya, ya amsa kamar ya ji komai. In mai kiran na kuka, Baba kan ja yatsa daga idonsa zuwa kunci. In wasa yake, ya washe haƙora.

Shekara bakwai suka yi a haka. Rubutu kuwa yana ɗaukar lokaci, don haka Kawu kan yi shiru na ɗan daƙiƙu kafin ya amsa. Masu sauraro suka ƙaunaci wannan shirun. Suka ce dattijo ne, ba ya magana sai ya auna. 'Yan gidan rediyon duk suna ganin kwalayen, babu wanda ya fita da zancen. Matar Kawu, wadda muke kira Gwaggo, ta sani. Ni kaina sai da na yi aure Mama ta gaya mini dalilin da ya sa gidanmu ba ya rabuwa da warin sabulu.

Tare suka yi ritaya. Baba ya buɗe ɗan shago a zauren gidanmu yana gyaran rediyo da fanka da dutsen guga. Kawu ya rasu bayan shekara uku.

Shekara biyar da rasuwarsa wani darakta ya zo shagon, mutum mai ladabi, ya ce fim zai yi a kan rayuwar Kawu. Awa uku suka yi, Baba na ba shi labari yana ɗauka a waya. Ina zaune ina ji. Ya faɗi na makara, ya faɗi na shayi, ya faɗi yadda Kawu ke zare takalmi a ƙarƙashin tebur kafin ya ce uffan. Zancen kunne bai taso ba. Da baƙon ya tafi na ce, "Baba, ka bar babban a ciki."

"Ba kunnena ba ne," ya ce, ya ci gaba da kwance fanka.

Da fim ya fito aka aiko mana da katin gayyata. Muka je ranar Asabar da yamma, ni da Baba da Mama, Gwaggo na layin gaba da 'ya'yanta. Baba ya sa rigarsa ta zuwa ɗaurin aure.

Minti goma da farawa sai ga injiniyan fim. Wani ƙato ne mai tumbi, ya kifa kai a kan na'ura yana minshari, da guntun burodi a hannu. Babana fa siriri ne kamar sandar tsintsiya, kuma ko gyangyaɗi ban taɓa jin ya yi a bakin aiki ba. Duk inda aka nuno ƙaton sai zauren ya ɗauki dariya. A wani wuri ma Kawun fim ya jefe shi da hula don ya farka. Haushi ya kama ni. Na juya in ce wa Baba mu tashi, sai na tarar shi ya fi kowa ƙyaƙyatawa, har yana dukan gwiwa.

Sauran ma haka. An nuna Kawu yana dukan teburin manaja yana cewa ba zai karanta ƙarya ba, alhali Kawu ko ɗan aike ba ya iya yi wa tsawa. An nuna ya haɗu da Gwaggo a tashar mota ana ruwan sama, ya ba ta lema. A layin cire haƙori suka haɗu a asibiti, kowa kunci a kumbure. Shirun nan kuwa, fim ya ɗauke shi da girma. Duk sanda aka kira, sai a matso da kyamara kan fuskar ɗan wasan, ya lumshe ido, ana kiɗa a hankali, yana tunani mai zurfi.

Amma akwai wurin da ɗan wasan ya shigo a guje, ya zauna, ya sa ƙafa ɗaya ya zare takalmin ɗayar, ya matso da kofi kusa da makirufo, ya gyara murya sau biyu. A nan dariyar Baba ta tsaya. Ya zaro hankici. Mama ta dafa hannunsa har aka wuce wurin.

A mota na kasa haƙuri. Na ce, "Baba, sun mayar da kai abin dariya, kai kuma kana taya su."

"Auta, wannan ai ba ni ba ne. Wani bawan Allah ne mai son barci, kuma ya iya wasansa."

"To babu abin da ya ɓata maka rai?"

"Akwai. Wayar makirufo sun soka ta a ramin lasifika. Da haka muka yi aiki, da babu wanda ya taɓa jin Kawu."

Mama ta ce ita kam an cuce ta, ko inuwarta ba a nuna ba, da ta sani da ta nemi a sa mata wata kyakkyawa ta fito a madadinta.

Bayan kwana uku Gwaggo ta zo gidanmu. Ta zauna a kan bencin shago, ta ƙi shiga ciki.

"Injiniya, ban yi barci ba tun ranar Asabar," ta ce. "Me ya hana ka gaya wa yaron nan mai fim gaskiyar zancen?"

"Marigayi bai ce in faɗa ba, Hajiya."

"Bai ce kada ka faɗa ba kuma. Kunya ce ta hana shi, kunyar kuma ta bi shi kabari. Ni da raina ba zan bari jikokinka su ga wancan mai minsharin su ce kai ne ba."

Baba ya ce shi dai bai roƙa ba, bai kuma hana ba. Ranar Laraba gidan rediyon suka yi shiri a kan fim ɗin, ana ta kira ana yabo. Gwaggo ta kira. Ta faɗi ko ita wace ce, ta ba da labarin matar da mijinta ya rasu, da kwalayen sabulu, da shekara bakwai ɗin, ba ta rage komai ba. Har na layin haƙori ta gyara musu. Muna shago muna ji a wata tsohuwar rediyo da aka kawo gyara. Baba bai ɗago kai daga abin da yake yi ba, sai dai na ga ya ɗaure dunƙulen waya ɗaya ya kwance har sau uku.

Na ɗauka mutane za su ji an yaudare su. Wasu ƙalilan sun ji haka, wani ma ya kira ya ce ashe shekara bakwai da kwali yake hira. Amma yawanci sai son Kawu ya ƙaru a ransu. Wata tsohuwa ta kira ta ce ita ce mai ƙofar da aka cire, kuma ko wa ya ji kukanta a cikinsu, an dai mayar mata da ƙofarta.

Darakta ya dawo shagon, ya durƙusa har ƙasa. Ya ce, "Baba, da ka gaya mini, ai da fim ɗin ya fi haka nesa ba kusa ba."

"Ƙila," in ji Baba. "Amma ka dawo mini da Kawu na minti ɗaya yana cire takalmi. Ban zaci zan sake ganin wannan ba. Tashi ka zauna a benci, ƙasan akwai ƙusoshi."

Darakta ya yi tayin a sake ɗaukar wasu wurare, Baba ya ce a bar fim yadda yake, mutane sun riga sun biya sun kalla sun ji daɗi. Abu ɗaya ya roƙa, in za su sake yin fim mai na'ura a ciki, su zo su tambaya. Sun kuwa zo sau biyu tun daga lokacin, ya je ya jera musu wayoyi, aka rubuta shi a ƙarshen fim cikin masu ba da shawara. Mama ta sa aka tsayar da hoton daidai wurin, ta ɗauka a wayarta.

Ƙaton ɗan wasan ma ya zo ba da haƙuri, da buhun lemo a kafaɗa. Ashe mutum ne mai kunya, da ƙyar yake haɗa ido da mutane. Ya ce shi abin da aka rubuta masa ya yi. Baba ya ce ya sani, ya ba shi wuri, suka ɓare lemo. Hira ta kai su ga firjin gidansa da ke ƙara kamar injin niƙa, Baba ya ce ba ya gyaran firji amma zai leƙa. Yanzu kusan duk Lahadi yana shagon. Yaran unguwa kan taru a ƙofa su ce ga Injiniya biyu, na gaske da na fim.

Bana Baba ya cika sittin da huɗu. Idonsa ya fara gajiya, sai da gilashi yake ganin ƙananan ƙusoshi, amma hannunsa bai fara rawa ba. Yana buɗe shago bakwai da rabi, ya rufe in an kira la'asar. Jiya na je na tarar da shi da ƙaton sun baje cikin wata fanka a kan tabarma, suna musu a kan wanda ya ɓatar da murfin. A ƙarƙashin ƙaton aka same shi.