Hannun da Ke Cikin Tobi

Shekarar da na gama jami'a na koma Mai Wurno, garinmu a Sudan, da takardun wayar da kai a kan dukan mata da cin zarafinsu. Na raba su a wajen jabana, inda matan unguwa ke shan gahawa da hantsi. Na yi bayani, aka ce Allah ya yi albarka. Kashegari na ga an ƙunshe gyaɗa a cikin ɗaya. Wataƙila laifina ne, don da Larabcin makaranta aka rubuta su.

Gwaggona, wadda ke yi wa matan unguwa lalle, ta kira ni.

"Ke mai digiri, takardarki ta gaya miki wa ake duka?"

"A'a, Gwaggo."

"To ni hannu ake miƙo mini. 'Yar baffanki zuwanta uku ke nan, ƙafa kawai take ba ni. Hannun yana cikin tobi, ta lulluɓe shi da mayafin ruf, duk zafin nan."

Kwana biyu ina juya maganar. Ina tsoron in tambaya in jawo mata ƙarin duka, ina kuma tsoron yin shiru. Da ta sake zuwa, Gwaggo ta ba ni riƙon kwanon lallen.

Na ce, "Yaya, ba dole ba ne ki faɗa. Amma in kin faɗa, zan yarda."

Sai ta janye tobin. Daga wuyan hannu har kafaɗa duk tabo ne. Na so in ce abubuwa da yawa, amma na tambaye ta abin da ita take so.

"Wurin wana a Sinnar. Sai dai mijina ba ya barina fita."

Gwaggo ta ce, "Ina da lallen amarya a Sinnar jibi, kuma ina son mai riƙe mini kaya. Bari in ga wanda zai hana ni 'yar ƙanena."

Ran nan ita da Gwaggo suka shiga hafila, motar haya, suka bar garin. Wanta ya tarye ta a tasha, ya kai ta wurin likita.

Ba zan ce komai ya warware ba, manya sun daɗe suna zama a kan auren. Amma ba ta koma gidan ba. Da sallah muka ziyarce ta, Gwaggo na kwaɓa lalle, ta zauna ta miƙa hannu biyu.

Gwaggo ta ce, "Mai digiri, riƙe kwanon da kyau, kina zubarwa."