Ɗauko Baba Daga Gashuwa a Kitikar da Na Gyara a Tsakar Gida

Tashi daga Nguru

Mun bar ƙofar gidana a Nguru ranar wata Talata, da idar da sallar Asuba, a ƙarshen bazara, 'yan shekaru bayan yaƙin Bama, wato yaƙin duniya na biyu. Mu biyu ne, ni da maƙwabcina Ba Modu, Babarbare, tsohon soja wanda ya yi tuƙin mota a yaƙin. Shi ke riƙe da sitiyari, don a lokacin ban iya tuƙi ba. Sana'ata gyaran keke ce da keken ɗinki, wannan kuwa ita ce motar farko da na taɓa kwancewa.

Mahaifina za mu ɗauko. Masunci ne a Gashuwa, ciwon yanar ido ya rufe masa ido biyu, shekara ta uku ke nan yana zaune a zaure. Na ji akwai asibitin ido a Kano inda ake cire yanar, har na ga wani dattijo ya shiga jirgin ƙasa ana ja masa gora, ya dawo yana tafiya shi kaɗai. Na aika a kawo Baba, ya ce shi ba buhun gyaɗa ba ne da za a jibga a bayan lori. Raƙumi kuma bayansa ba zai iya ba. Ga damina ta matso, in ruwa ya sauka hanyar ta rufe ke nan sai kaka.

Motar kitika ce, wato ƙaramar mota mai buɗaɗɗen baya. Ta wani mutumin Sham ce mai sayen fata, ta daɗe a bayan kantinsa kaji na ƙwai a cikinta, ya sayar mini da arha don ya huta da ganinta. Majiya ƙarfi suka turo ta, sai da na cire zana biyu na danga kafin ta shiga gida. Duk abin da na kwance sai in jera shi a tabarma bi da bi, don in san yadda zan mayar. Da kananzir na wanke kayan injin, a kwanukan maiɗakina, abin da ya jawo mini magana har yau. Na kankare fulogi, na yanka kwali na maye takardun da suka ruɓe a tsakanin ƙarafa, na yi wa tif ɗin tayoyin faci irin na keke. Ba Modu yakan zauna a kan turmi yana kallo. Bai san sunan komai ba, amma in na tayar da ita yakan karkata kai ya ce ta yi, ko ba ta yi ba.

Kayanmu garwar fetur ne, da garwar ruwa biyu, da shebur, da jak, da famfo, da tabarmin kaba. A bakin gari wani ɗan doka ya tsayar da mu. Ba Modu ya nuna masa takardarsa ta tuƙi. Ɗan dokan ya zagaya motar, ya leƙa ƙarƙashi, ya ce, "Ba wannan ce ta bayan kanti ba? Ai na ɗauka ta mutu." Ya ce mu wuce, Allah ya kiyaye hanya.

Yashi

Daga Nguru zuwa Gashuwa mil arba'in ne da 'yan kai, amma hanyar ba titi ba ce, sawun lori ne cikin yashi, wani wurin ya rabu uku ya sake haɗewa. Da hantsi muka kafe. Tayar baya ta nutse har gindin bodi. Na rage wa tayoyin iska yadda Ba Modu ya ce suna yi a soja, na tone gabansu da shebur, na shimfiɗa tabarmi. Ta fita, ta yi gaba kaɗan, ta sake kafewa. Haka muka yi ta yi, in ɗauko tabarmi daga baya in kai gaba, har tafin hannuna ya yi kanta.

Wasu Fulani masu kora shanu zuwa kasuwa suka tsaya suna kallonmu. Babbansu ya tambaya ko motar ƙishirwa take ji. Muka ce a'a, turi take so. Suka jingine sandunansu, suka sa kafaɗa, har muka hau ƙasa mai tauri. Ba su karɓi komai ba, sai ma suka nuna mana rugarsu, inda muka sayi fura da nono na kwabo-kwabo muka sha a inuwar aduwa.

Jajimaji

Mun shigo Jajimaji da azahar motar ta karkace gefe guda kamar jaki mai ɗingishi. Na kwanta a ƙarƙashinta na duba, sai na ga ƙarfe ɗaya na sifirin baya ya karye biyu. Sifirin shi ne jerin ƙarafan da bodi ke zaune a kai. In muka ci gaba haka sauran za su bi shi.

Aka nuna mana maƙerin garin, Malam Ari. Muka gaisa, "Wushe, wushe," ya zo ya tsuguna ya duba. Ya ce shi bai taɓa taɓa mota ba, amma karaya ai karaya ce, ɗori take so. Na ɗaga motar da jak, na zana masa a ƙasa irin maƙalar da nake so, ya ƙera mini biyu daga tsohuwar garma. Muka sassaƙa itacen kanya muka kwantar a kan karayar, muka matse da maƙalan, sa'an nan muka naɗe da ɗanyar fata wadda na saya a wurin mahauta. Ɗanyar fata in ta bushe tana ƙara matsewa, don haka dole muka kwana. Malam Ari ya sauke mu a zaurensa, aka kawo mana burabisko da miyar busasshiyar kuɓewa. Da safe na ƙwanƙwasa fatar, ta yi ƙarfi kamar ƙaho.

Gashuwa

Laraba da hantsi muka shiga Gashuwa, yara na bin mu da gudu har ƙofar gidanmu da ke kusa da kogi. Baba na zaune a zaure a kan buzunsa. Ya rame. Na tsuguna na gaishe shi, ya shafa kaina da fuskata, ya ce na yi warin kananzir.

Yayata Gambo ita ke riƙe da shi tun rasuwar mahaifiyarmu, kuma ba ta yi murna da zuwana ba. Bayan ta ba mu tuwon gero da miyar kifi, sai ta ja ni gefe. Ta ce an gaya mata a asibitin nan ƙwaƙule ido ake yi a ajiye a kwano. Ta ce ni ina can Nguru ina wasa da ƙarafa, ita ke masa wanka da wanki, yanzu na zo zan ɗauke shi a akwalar da ko sauti mai daɗi ba ta da shi. Ban musa mata ba, don yawancin abin da ta faɗa gaskiya ne. Na dai gaya mata labarin dattijon da na gani da idona.

Ashe Baba na jin mu. Ya ce a kai shi wurin motar. Na riƙe hannunsa, ya bi ta da shafa tun daga fitila har baya, ya tsuguna ya taɓa ɗorin fatar, ya daɗe a nan.

"Kai ka gyara ta da hannunka?"

"Ni ne, Baba."

"To. In ta kashe ni, ɗana ne ya kashe ni, ba baƙo ba. Gambo, haɗa mini kayana."

Yaya Gambo ta ce in haka ne ƙafarta ƙafarsa har Kano, ba wanda zai taɓa idon ubanta ba ta wurin. Na ce haka ma ya fi. Da la'asar na sake ɗaure duk notin da hanya ta sassauta, na ƙara baƙin mai, na tace fetur da tsumma. Tankin ya fara ɗiga ta wani ɗan rami, na murje sabulun salo na liƙe. Ina cikin aikin na ga hadari ya haɗu a gabas, ya yi baƙi, ya watse bai zuba ba. Ba Modu ya ce wannan sallama ce ya yi, gobe zai shigo.

Komowa

Alhamis da asuba muka juyo. Baba a gaba kusa da Ba Modu, mun tokare masa baya da filo. Ni da Yaya Gambo muna baya tare da kwandon bandar kifi da ta ɗauko na tsaraba. Jirgin Kano Juma'a da safe zai tashi.

Mun wuce Jajimaji lafiya, mun tsaya kawai Malam Ari ya duba ɗorinsa ya gaida Baba. Can gaba, rana ta take, sai na ji wani abu ya yi fat a gaba, tururi ya taso. Ba Modu ya kashe ta. Fanbel ne ya tsinke, wato ɗamarar roba da ke juya fankar da ke sanyaya inji. In babu ita injin zai ƙone. Ba ni da wata, don ko a Nguru ban samu ba.

Na gwada ɗamarar Ba Modu ta soja, ta yi faɗi, tana zamewa. Na yage gefen rawanina na murɗe, ya juya kaɗan ya tsinke. Babu gari kusa, babu lorin da ya wuce mu tun safe, ga gabas ta sake yin baƙi.

Baba ya tambaya me ya tsinke. Na sa masa tsinkakkiyar ɗamarar a hannu. Ya auna kaurinta da yatsa, ya auna tsawonta da kamu, ya ce Gambo ta buɗe jakarsa. Akwai curin zaren koma a ciki, irin wanda ake saƙa abin kamun kifi da shi. Ya zauna a ƙasa a inuwar motar, ya maƙala bakin zaren a babban yatsan ƙafarsa, ya fara tufka. Yaya Gambo ta gaya mini daga baya cewa tun da idonsa ya rufe bai taɓa zaren nan ba, a ƙarƙashin filo kawai yake ajiye shi. Da ya gama bai yi ƙulli ba, sai ya saƙa baki cikin baki har ba ka gane mahaɗin.

Ta farko ta yi sako-sako. Ya karɓa ya warware ya rage, ya ce in jiƙa ta bayan na ɗaura, zare in ya sha ruwa yana tsukewa. Na ɗaura, na zuba ruwa, na cika lagireto, na murɗa ƙarfen tayarwa. Fanka ta juya. Muka tsaya muna kallo, igiyar ba ta zame ba. Baba ya ce a mayar da shi mazauninsa, kuma a ba shi sauran zaren. Yana zaune a gaba mota na jijjiga shi ya tufka wata, kuma ta yi amfani, don kafin Nguru ta farkon ta cinye muka sauya.

Ruwan ya cim mana muna hango hayaƙin tashar jirgi. Na lulluɓe Yaya Gambo da tabarma. Gilashin ba shi da abin sharewa, sai da na tsaya a kan matakala ina goge wa Ba Modu da hulata. Akwai wata fadama kafin gari, mun tsallake ta laka na kama taya tana saki. Lorin da ya biyo bayanmu a nan ya kwana. Ana kiran Magariba muka tsaya a ƙofar gida.

Gida

Da safe na sa Baba da Yaya Gambo a jirgi, na haɗa su da wani abokina mai fatauci zuwa Kano wanda zai kai su asibitin. Ni na dawo na rasa abin yi da kaina, sai na koma kan motar. Na wanke lakar, na kankare tsatsa da yashi mai laushi, na goge fitilu da tsamiya da toka. Na sayi koren fenti irin na ƙofar kanti na shafe ta da buroshi, na rataya zana don kada kaji su hau. Wani baduku ya rufe mini kujerar da jar fata. Fanbel na gaske sai da na roƙi wani direban lori ya sayo mini.

Wajen wata guda suka yi. Ranar da suka dawo, Ba Modu ya tuƙa muka je tasha. Na hango Yaya Gambo ta sauko, tana miƙa hannu baya, Baba ya ture hannun ya sauko da kansa. An sa masa tabarau mai kauri. Idon dama ya buɗe, na hagu an ce ya riga ya lalace. Ya tsaya ya dube ni, ya daɗe yana dubana, ya ce ba wanda ya gaya masa na yi furfura. Yaya Gambo tana share hawaye tana cewa ita fa ba ta matsa daga bakin ƙofa ba har aka gama.

Na kai shi inda motar take. Ya zagaya ta a hankali, hannunsa a baya, bai taɓa ta ba.

"Ita ce wannan?"

"Ita ce, Baba."

"Ashe 'yar ƙarama ce. Da irin ƙarar da take yi, na ɗauka ta kai jirgi."

Ya buɗe ƙofa da kansa ya shiga ya zauna, muka tafi gida. A wurinmu ya yi daminar nan. Na gode wa Allah da ya kai mu ya dawo da mu, Allah ya saka wa Ba Modu da alheri, da maƙerin Jajimaji, da Fulanin nan da ban ko tambayi sunansu ba.