Kwalin da Aka Ce a Bari Ƙarƙashin Benci

Pyo Man-seok bai bar gyaran agogo don hannunsa ya fara rawa ba, mutane ne suka daina kawo agogo. Da shekarunsa suka kai na karɓar katin da tsofaffi ke shiga jirgin ƙasa kyauta, sai ya shiga ƙungiyar dattawan da ke kai saƙo a Seoul da wannan kati. Ofishinsu ɗaki ɗaya ne a saman wani shagon taliya a Jongno, inda Uwargida Eom ke zaune bakin waya tana raba aiki.

Kowa a ƙungiyar ya san abin da ya sami abokin aikinsu Bang Deok-su. An ba shi jaka ya kai wa wani, ashe kayan 'yan damfara ne. Ya yi rantsuwa bai sani ba, alƙali bai yarda ba, har yanzu yana gidan yari. Tun daga nan Pyo yake kallon kowane ƙunshi kamar zai cije shi. Dokar aiki kuma ta hana buɗe kayan mutane.

Wata Asabar da hantsi Uwargida Eom ta ce akwai saƙo zuwa Wolmido, bakin teku, wurin wasanni.

"Baba Pyo, yau kai da sa'a. Ka sha iska, ka hau lilo, ko fuskar nan ta saki."

"Fuskar da ita aka haife ni. Wa ya aiko?"

Ta ce sabon mai hulɗa ne, ta waya ya kira.

Bakin tasha aka haɗu, ba a shago ba, abin da ya fara tsaya masa a rai ke nan. Wani mutum da hula da takunkumi ya miƙa masa kwali kamar na takalmi, an naɗe shi da salatif ta ko'ina. Ya ce kayan gyaran lilo ne, za a kira shi in ya isa. Kafin Pyo ya nemi sunan mai karɓa, mutumin ya shige cikin jama'a.

Ya hau Layi na Ɗaya mai zuwa Incheon, ya zauna a kujerar tsofaffi da kwalin a cinya. Jirgin cike yake da iyalai masu tabarmi da hulunan rana. Ya ɗaga kwalin ya ji nauyinsa. Ƙarfe ya fi haka nauyi. Ya ɗan karkata shi, wani abu ya zame a ciki. Wata tsohuwa da ke gefensa ta tambaya ko tsarabar jikoki ce, ya yi kamar bai ji ba. Har ita ma sai da ya yi mata kallon tuhuma.

A tashar ƙarshe ya sauka ya hau bas, yana tsaki, don katin tsofaffi ba ya aiki a bas. Wolmido ta karɓe shi da kiɗa da ihun masu hawa lilo, da ƙamshin gasasshen kifi. Yara na cilla wa tsuntsayen teku cincin ɗin jatan lande. Yana takawa kan dakalin bakin ruwa wayarsa ta yi ƙara. Wata murya ta ce mai karɓa ya makara, ya tura kwalin ƙarƙashin bencin da ke kallon babban lilo, ya ɗauki hoto ya turo, ya kama hanya.

Pyo ya ce shi hannu da hannu yake ba da saƙo. Aka kashe wayar.

Ya tsaya yana duban jama'a. Mai sayar da balan-balan ya dube shi sau biyu. Wani mai baƙin tabarau ya jingina da shinge, ba ya kallon teku. In ya ajiye, ya zama ɗan aiken 'yan damfara. In ya koma da shi, yana yawo da abin da bai sani ba. Ya tambayi wata mai gasa masara inda ofishin 'yan sanda yake.

Ɗan sandan da ya samu a kan tebur ya yanka salatif ɗin. Wayoyi ne da katunan banki masu sunaye daban-daban. Ya ɗago ya ce Baba ya zauna, ya kuma tambaye shi karo na nawa ke nan yana ɗauko irin wannan. Pyo ya zauna. Da irin wannan tambaya aka fara da Deok-su.

Sai wayar ta sake ƙara. Pyo ya buɗe muryarta, ya ɗora ta kan teburin.

"Kai tsoho, kunnenka ne ya mutu? An ce ka ajiye ka tafi. Ina ruwanka da abin da ke ciki? In ka kuskura ka buɗe, sai ka yi da-na-sani."

"Yaro, ina jin ka," in ji Pyo. "Ƙara ɗaga murya, ba ni kaɗai ba ne kurma a nan."

Ɗan sandan ya jawo wayar gabansa. 'Yan sanda sun riƙe Pyo har la'asar suna tambayoyi, suka kira Uwargida Eom ta tabbatar da yadda aikin ya shigo, sannan suka sallame shi.

Ranar Litinin ya koma aiki. Ya gaya wa Uwargida Eom cewa daga yau furanni kawai zai riƙa ɗauka, na biki ko na makoki, abin da ido ke gani. Ta ce furanni sun fi wuyar ɗauka a cunkoson jirgi. Ya ce ya sani, ta ba shi.