Kwalabe Uku a Gindin Randa

Babana kuku ne a gidan wani Bature a Nassarawa, mu kuma muna zaune a ɗakunan ma'aikata na bayan gida. Ana dab da samun mulkin kai Baturen da matarsa suka tafi hutun wata uku Ingila. Ranar tafiyar, uwargidan ta kira Baba kicin, ta buɗe firjin nan mai aiki da kananzir, ta nuna masa kwalaben jan farce guda uku a jere kusa da man shanu. Da 'yar guntuwar Hausarta ta ce, "Kuku, wannan ba ya son zafi. Ka kula."

Shi kuwa Baba, ko allura ka ba shi ajiya sai ta hana shi sakat.

Sati biyu da tafiyarsu firjin ya mutu, ga bazara ta kankama. Mai gyara ya zo ya duba, ya ce sai an aiko da wani ƙarfe daga Ikko. Inna ce ta kawo dabara. Ta tona yashin gindin randarmu, ta naɗe kwalaben a tsumma, ta binne su a tsaye, safe da yamma tana yayyafa ruwa. Ni aka kafa mini doka, ko ƙishirwa nake ji sai dai a ɗebo mini.

Bayan wata guda Baba ya tono su ya duba. Jan ya kwanta a ƙasa, wani ruwa mai kama da mai ya taso sama. Inna ta ɗaga ɗaya a hankali ta haska a rana, ta ce, "Malam, ya tsinke."

A saninmu, kunu in ya tsinke ba ya komawa. Babu wanda ya yi tunanin girgizawa. Kayan mutane, wa zai girgiza?

Inna ta ce a nuna wa wata malamar makaranta 'yar Zariya da ke Tudun Wada, tunda tana shafa irinsa. Baba ya ƙi. Ya ce in maganar ta fita, kafin Juma'a duk wani kuku na unguwar ya ji, kuma masu harin gurbinsa ba kaɗan ba ne. Shekararsa goma sha ɗaya a gidan. In aka sallame shi babu takardar shaida, ba Baturen da zai sake ɗaukarsa. Ya rage cin abinci. Ya aika ƙauye a gyara mana ɗaki, Inna ta ɗaure kwanukanta a zani.

Ranar da suka dawo, Baba ya sa fararen kayan aikinsa, ya jera kwalaben a tire. Na bi shi har bakin ƙofa.

"Uwargida," ya ce, "amanar da kika bar mini ta lalace a hannuna. Firji ya mutu. Na yi iya ƙoƙarina."

Ta tsaya tana kallon tiren. Har yau ina da yaƙinin ta manta da su. Can ta ɗauki ɗaya, ta murza ta tsakanin tafukanta, ta kaɗa sau uku, sai ga ja ya dawo jawur.

"Ba komai, kuku," in ji ta. Ta miƙa masa kwalbar. "Ka ba matarka. Akwai ƙwai na safe?"

"Akwai," ya ce.

Ba muguwar mace ba ce, ba ta san abin da kalma biyun nan nata, "Ka kula," suka yi mana ba. Amma na ji haushinta, kuma tausayin Baba ya kama ni har na kasa kallon fuskarsa.

Inna ba ta taɓa shafa jan farcen ba. Ta ce lalle ya ishe ta, shi ba ya hana ruwan alwala taɓa farce. Ta mai da kwalbar gindin randa, ta kwance kwanukanta ta jera. Bayan la'asar ta ɗauko zare da allura, ta ce Baba ya miƙo wandon aikinsa. Sai da ta rage masa ƙugu da faɗin yatsa uku kafin ya zauna masa.