Wanda Zai Koma Farko

A gidanmu na can wajen Burumburum, ɗakin Iya ne a ƙarshen gida, jikin rumbun dawa. Iya ita ta haifi babanmu, amma duk yaran unguwa jikokinta ne idan yamma ta yi. Ƙarshen damina, da masara ta nuna, takan hura wuta a ƙofar ɗakinta bayan sallar magariba, mu kewaye ta kowa riƙe da goyon masararsa. Da yatsu take juya masarar a kan garwashi, ba ta taɓa cewa wash ba. Sai ta tabbatar bakin kowa ya cika, babu mai katse ta, sannan ta fara tatsuniya.

A cikin masu zama akwai Dije, 'yar rugar da ke bayan gonarmu. Innarta ce ke kawo mana nono, har ta saba barin ta ta kwana a ɗakin Iya. Ni da Dije sa'o'in juna ne. Ni ina aji huɗu a firamare, ita ba a sa ta boko ba, amma ta fi ni wayo nesa. Ita ta koya mini tatsar akuya, ni kuma na koya mata rubuta sunanta a ƙasa da tsinke.

A shekarar ne Baffa Sale, ƙanen babanmu da ke tuƙin mota, ya kawo mana tsarabar wani wasa daga Kano. Allon kwali ne mai zanen hanya tana lanƙwasa daga ƙauye zuwa kasuwa, an yanka ta gida-gida. Akwai 'ya'yan roba kala huɗu, da wani ɗan dunƙule mai ɗigo-ɗigo da ake jefawa a ga taku nawa mutum zai yi. A cikin kwalin akwai 'yar takarda da aka buga dokokin wasan da Hausa. Baffa ya ajiye ya wuce, ko kwana bai yi ba. Da yake ni ce mai karatu a cikinmu, ni na zama alƙaliya.

Doka ta biyar ce ta kawo masifa. Har yau na haddace ta: "Idan ɗan wani ya tarar da ɗan wani a gida ɗaya, sai ya koma farko."

Ranar farko ɗana ya tarar da na Dije. Na karanta mata dokar, na ce nata ne zai koma. Ba ta yi musu ba, ta ɗauke abinta ta mayar. Washegari da la'asar muka sake bugawa. Saura mini taku uku in shiga kasuwa, sai ɗan Dije ya faɗo gidan da nake. Na ɗauko takardar na sake karantawa, kuma wallahi a wannan karon abin da idona ya gani daban ne. Wanda ya tarar, shi ne zai koma. Haka na faɗa mata.

Ta dube ni ta ce, "Jiya ba haka takardar ta ce ba."

Na ce, "Ai takarda ba ta canzawa."

"To ke ce kika canza. Don kin ga ban iya karatu ba."

Maganar ta soke ni. Na kai wa yayana Lawan takardar, ya karanta ya ce wanda aka tarar ne zai koma. Da ya maimaita a hankali, sai ya sosa kai ya ce, "Ko kuma wanda ya zo ɗin." Na kai wa malaminmu na Hausa. Ya yi dariya ya ce duk biyun daidai ne, wanda ya rubuta ne kawai ya san wa yake nufi. Sunan wanda ya rubuta kuwa babu shi a ko'ina. Muka bar allon a ɗakin Iya yadda yake, ɗana da nata cunkushe a gida ɗaya, babu mai yarda a taɓa.

Kwana uku Dije ba ta yi mini magana ba. Ran na huɗu ta zo hira, amma ta zauna can ɗaya gefen wutar. Iya ta dube ta, ta dube ni, ta gyara zama ta ce, "Ku matso, ga wata tatsuniya nan ta iso ƙofa." Muka ce ta shigo.

Ta ce wai Bushiya da Kurege aminai ne, tare suke kiwo. Ana gab da saukar damina suka tsinci wani rami a kan tudu, mai kyau, ruwa ba ya kai masa, sai dai mutum ɗaya yake ɗauka. Don kada su ɓata, suka tafi wurin tsohon Kunkuru a bakin kogi ya raba musu. Kunkuru ya haƙa musu gurabun dara a yashi, ya ba kowa tsakuwarsa, ya ce wanda ya ci wasa shi ke da rami. Ya ce doka ɗaya ce tak: idan wani ya tarar da wani, sai ya bar masa. Yana faɗa ya sulale cikin ruwa.

Suka fara. Ba a jima ba tsakuwar Kurege ta tarar da ta Bushiya. Kurege ya ce, "Bar mini." Bushiya ta ce, "Kai za ka bar mini, ai kai ka tarar da ni." Suka yi ta ƙwala wa Kunkuru kira, ko kumfa ba su gani ba. Hankaka ya zo wucewa, ya saurara, ya ba Kurege gaskiya. Kwaɗo ya leƙo, ya saurara, ya ba Bushiya. Suna nan tsaye a kan yashi hadari ya haɗo, ruwa ya kece, kogi ya cika ya shafe gurabun darar da tsakuwoyin duka. Da suka hau tudu, suka tarar Maciji ya riga ya shige ramin. Bushiya ta yi gabas, Kurege ya yi yamma.

Nan Iya ta ƙare tatsuniyar, ta ci gaba da juya masara.

Na ce, "Iya, to wa ke da gaskiya?"

Ta ce, "Ni ma haka na tambayi kakata. Ta ce ita ma ba a gaya mata ba."

Dije, ba tare da ta ɗago ba, ta ce, "Kunkurun ne mugu."

"Ba mugu ba ne, 'yar nan. Shi ya san abin da ke cikin ransa, sai ya zaci ya faɗa."

Na ɗauko allon a hankali na ajiye gaban Iya, na roƙe ta ta yanke mana, duk abin da ta ce mun yarda. Ta girgiza kai. Ta ce idan ta ba ni, Dije za ta ce don jininta ce ni. Idan ta ba Dije, zan ce tausayin baƙuwa ta ji. "Ni ban iya karatunku ba, Hauwa. Ba ni da abin da zan auna da shi." Ban taɓa jin Iya ta kasa raba faɗa ba sai ranar. Na so in ce na bar wa Dije, amma na san za ta ji kamar na amsa cewa da can cutar ta nake yi. Ita ma na ga bakinta ya motsa, ta fasa. Muka kwanta a tabarma ɗaya, kowa ya juya wa ɗan'uwansa baya.

Da safe ta tafi. Ban damu sosai ba, na ɗauka akwai gobe. Ana gama yankan dawa, wata rana na leƙa bayan gona na tarar babu bukkoki, sai toka da kashin shanu. Aka ce su Dije sun yi wajen Doguwa.

Yanzu ni ma malama ce a Tudun Wada. Na daɗe ina tunanin darasin tatsuniyar shi ne mutum ya riƙa faɗin magana filla-filla, kuma haka nake koya wa ɗalibaina. Amma da shekaru suka ja, na fara zaton Iya wani abu take nuna mana: akwai rigimar da babu maƙaryaci a cikinta, babu alƙalin da zai raba ta, kuma ko da kowa ya gane haka, ba lallai a samu wanda zai iya fara sauka ba.

Bara wani aiki ya kai ni Doguwa ranar kasuwa. Na je layin masu nono na gaishe su, na ce ina neman wata Dije da suka taɓa zama wajen Burumburum. Wata dattijuwa ta ajiye ludayinta ta ce, "Dije 'yar wa? Dije suna da yawa." Na buɗe baki, sai na tuna ban taɓa tambayar sunan babanta ba. Na sayi nonon da ba na bukata, na yi musu sallama.