Kunnen Baba Shekari

A Kudenda, in mota ta ƙi tashi, wajen Baba Shekari ake aika mutum. Mai wayarin ne, wato mai gyaran wutar mota, rumfarsa na bayan katangar wata ma'aikata, kuma abin da aka san shi da shi kunne ne. Ba ya saurin ɗaukar sifana. Sai ya ce a murɗa makulli, ya karkatar da kai. In ya ji ƙas-ƙas-ƙas da sauri, batir ne. In ƙas ɗaya ne mai nauyi, to wuta ta iso kik, na'urar da ke tayar da mota, amma ba ta ishe shi juya inji ba. In shiru ne, a koma wajen makulli. Shekara ashirin da biyu yana cin abinci da wannan, tun da aka rufe masaƙar da ya yi wa aiki a Kakuri.

Masaƙar ce kuma ta biyo shi daga baya. Ƙarar injunan saƙa ta shekara goma sha takwas ta ci masa kunnen hagu tuni, bara kuwa na dama ya fara bin sawu. Bai gaya wa kowa ba. A coci yana bin leɓen masu waƙa, a gida matarsa Miriam tana cewa taurin kai ne ya ƙaru masa da tsufa, shi kuma ya gwammace a ce masa mai taurin kai da a ce masa kurma. Tsoro yake ji ƙwarai, don ya san ranar da maganar ta fita, ranar rumfar za ta mutu.

Celina, wadda ake kira Maman Hope, ce ta kusa tona shi. 'Yar kasuwa ce daga Kamazou, tana sayo citta a ƙauyukan bayan Kachia da wata tsohuwar jif da mijinta ya bar mata, mota mai haƙuri da ke tsallake rafi har da damina. Sai jif ɗin ta koyi wani hali: yau ta tashi da murɗa ɗaya, gobe ta yi kunnen uwar shegu, musamman in ta yi tafiya ta ɗau zafi. Celina ta koma neman gangara a duk inda za ta tsaya, saboda turi. A rumfar Baba Shekari kuwa, don neman magana, motar ba ta taɓa ƙin tashi ba.

Karon farko ya canza burushin kik, bisa zato kawai. Karo na biyu ya sa ta sayi sabon batir. A karo na uku ta zo ranta a ɓace, don ta yini a bakin rafi da buhun citta goma sha biyu, sai da manoma suka tura ta. Ta gaya masa a fili cewa don girman da mijinta ya ba shi ne ta dawo, daga wannan kuma wani wuri za ta nema.

Ya shiga gefenta ya ce ta ja. Suka je Kamazou suka dawo, suka bi hanyoyi masu ramuka har inji ya yi zafi sosai. Suna tsayawa tana kashewa tana sake murɗawa, a tsayawa ta huɗu motar ta ƙi. Ya sauka ya buɗe bonet, ya karkatar da kai yadda ya saba. Yana ganin hannunta na murɗawa ta gilashi, amma babu abin da ya shiga kunnensa. Ko ƙas ɗaya ne, ko da yawa, ko shiru, bai sani ba.

Sai ya shimfiɗa buhu ya shige ƙarƙashin motar, ya ɗora tafin hannu a kan kik, ya ce ta sake. Bugu ɗaya mai nauyi ya ji a tafinsa. Ya bi manyan wayoyin da yatsa ɗaya bayan ɗaya, har ya iso wadda ke haɗa inji da jikin mota. Zafinta ya sa ya janye hannu ba shiri. Da ya yanka robar da ke kanta, ciki duk ya zama koren gari, ruwan rafi ya cinye ta, saura 'yan zare uku ko huɗu, waɗanda ba sa iya ɗaukar wuta in abu ya yi zafi. Ya sa sabuwa, ya goge wurin ɗaurin ya yi fes. Sau goma ta murɗa, sau goma motar ta tashi.

Yana wanke hannu da fetur ta zo ta tsaya a gabansa sosai, inda zai ga bakinta.

"Baba, kana ƙarƙashi na kira ka sau uku."

Ya ci gaba da murza yatsunsa. Kunya ta kama shi irin wadda rabonsa da ita tun ranar da aka sallame su daga masaƙa.

"Batirin nan da na sa ki saya, Maman Hope, tsohon naki ba abin da ya same shi," in ji shi. "Ban ji ba ne. Na kusa shekara ba na ji."

Ba ta ce komai game da batirin ba. Ta tambaya ko Mama Miriam ta sani, ya girgiza kai. Ta ce to ita ba za ta riga shi faɗa ba, amma ya je ya gaya mata yau.

Ya gaya mata. Miriam ta yi kuka, ba don kunnen ba, don shekara guda da ta yi tana masa faɗa.

Har yanzu yana rumfar. Wasu sun daina zuwa da labarin ya bazu. Waɗanda suka rage sun san sabon tsari: ba ya karkatar da kai kuma, buhu yake shimfiɗawa ya shige ƙarƙashi, in ya shirya ya buga jikin motar sau biyu a murɗa.