Ƙwan Fitila a Aljihun Malam Waliyyu

Kullum bayan sallar asuba Malam Waliyyu yakan goge takalmi, ya sa kaki, ya jefa ƙwan fitilar mota uku ko huɗu a aljihu tare da ƙaramin sukudireba. Da kuɗinsa yake sayen ƙwan a bakin tashar Jega. Sai ya hau tsohon babur ɗinsa ya nufi shingen da ke kan hanyar Maiyama. Haka yake yi shekara talatin da biyar. Ƙarshen watan nan zai ajiye aiki da igiya biyu a hannun riga, alhali yaran da ya koya wa tsai da mota yanzu su yake sara wa.

Aikinsa duba motoci ne: takardu, lamba, fitilu, tukunyar kashe gobara. Duk wanda ya taɓa bin hanyar nan ya san abin da duban ya koma. A zagaya mota kamar mai neman kaska a jikin sa. In takardu sun cika, a ce lamba ta karkace. In lamba daidai take, a ce taka birki mu gani. Sai an samu. Hanyar da ramukanta ke kashe fitila ba wanda ya taɓa cin ta tara, sai direban da ya bi ta.

Shi Malam Waliyyu in ya ga fitila a mace, durƙusawa yake yi ya kwance ta, ya sa sabon ƙwai, ya ce da direba, "Tahi, Allah shi kiyaye. Ka dai riƙa dubawa." In takarda ta kusa mutuwa, ya karanta wa wanda bai iya karatu ba ranar ƙarewarta. Ba sakaci ba ne. Mai suɗaɗɗiyar taya ko marar birki ba ya wuce shi ko da kuka. Yakan ce wannan kisan kai ne, ba mantuwa ba.

Hafizu direba, mai wata tsohuwar fijo a-kori-kura, ba ya gajiya da ba da labarin wata Juma'a cikin zafin bazarar bara. Ya ɗauko albasa daga garin Danwarai, ta Gwaggo Bushira ce, tsohuwar da ta yi wata huɗu tana bin ma'aikata da ban ruwa a gonar da mijinta ya bari. Noman raninta ke nan kaf. Tana zaune a gaba, don ta ce ba ta rabuwa da kayanta sai ta ga an sauke.

A shinge akwai sabon oga, matashi mai baƙin tabarau. Ya ce a taka birki. Fitilar hagu ba ta kama ba.

"Sauko. Mota ta tafi ofis. Ka zo Litinin ka biya tara."

"Rankai shi daɗe, albasa ta," in ji Hafizu. "Kwana ukku cikin buhu ga wanga zahi, ruwa za ta koma."

"Ni na kashe maka fitila?"

Gwaggo ta leƙo ta taga. "Ɗan nan, da rana tsaka wa ka neman hitila? Ko kai ba ka gani sai da ita?"

Masu talla suka yi dariya. Dariyar ce ta ƙara ɓata lamarin. Oga ya zare makulli ya sa a aljihu.

Malam Waliyyu ya laluba nasa aljihun. Wayam, ƙwan ranar sun ƙare tun hantsi. Ya dubi buhunan, ya dubi tsohuwar da ta daina wasa ta fara sharar ido da bakin mayafi. Ya taka zuwa gindin darbejiya inda ya jingine babur ɗinsa, ya kwance fitilar baya, ya zare ƙwan, ya dawo ya ɗaura wa fijo.

"Hafizu, taka."

Fitila ta kawo ja.

"Yallaɓai, ta kama," ya ce. "Laihi ya hita. A ba shi makulli."

Mutane sun taru, babu yadda oga zai yi. Ya jefa makullin a ƙasa. Sannan ya buɗe littafinsa, ya je ya tsaya a kan babur ɗin Malam Waliyyu, ya ce, "Wannan na wa ne, babu fitilar baya?"

Ya rubuta masa tara. A gaban direbobi da masu tallar gyaɗa. Dattijon da ya yi jika, sanye da kaki irin nasa. Malam Waliyyu ya karɓi takardar da hannu biyu, ya sara, ranar Litinin ya je ya biya. Albasar Gwaggo ta isa lafiya. Da ta aiko masa da buhu guda, ya mayar, ya ce a gaya mata ta yi masa addu'a, ita ba ta ruɓewa.

Malam Waliyyu, kai ne aka ce ba ka kawo komai. Kai ne aka yi ta tsallakewa duk shekarar ƙarin girma, don littafin tararka ba ya cika. Sun auna ka da yawan mutanen da ka kama. Ba wanda ya tambayi mota nawa ta koma gida da fitila mai kamawa saboda kai, alhali don wannan aka kafa shingen tun farko. Inuwar bakin hanya, kowa ya sha ka, masu gidanka ne kawai ba su san ka ba.

An ce ba za a yi maka walima ba. Kada a yi. Direbobin Aliero da Jega da Maiyama sun san abin da suka sani, kuma mun gode. Allah Ya haskaka maka gabanka yadda ka haskaka wa mutane bayansu.

Ku kuma da za ku gaji shingen, matasa masu sabon kaki, littafin tara na nan ba zai gudu ba. Amma rigar aljihu biyu gare ta. Ɗayan ku sa masa ƙwan fitila.

An tambayi Malam Waliyyu me zai yi in ya ajiye aiki. Ya ce akwai benci a bakin tashar Aliero, motocin albasa kuma da sassafe suke tashi. Kafin su kai shinge, zai riga ya duba su.